A Bar Mu Mu Shiga da Kwanonmu

Duk lokacin da Sallah ta matso, ko ƴan lakkol suka shiga bakansi, sai wani ɗan bidiyo ya fara yawo cikin wayoyin mutane. Wata mata ce can Amurka ko Faransa, ta baje kaya bisa gado, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da za ta zuba cikin jaka don kai yaranta Disneyland: rigar ruwa ta leda, ƴar fanka mai batir, kunnuwan ɓera na ado da ake maƙalawa a ka, ɗan littafin da masu shigar ɓera da agwagwa za su sa wa hannu, rigar sanyi saboda dare. Yayyenmu da ƙannen iyayenmu na tura wa juna, ana ta "kai, dubi tsari!" Ni ba ni da faɗa da matar nan. Ta san garinsu, ta shirya wa garinsu. Faɗana da mu ne, mu da muke kallonta har mu fara jin kunyar buta da tabarma, da kuma masu wuraren wasa da suka gane kunyar nan tamu suka mai da ta hanyar kuɗi.

A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, yanzu akwai wuraren wasan yara da ƴan kasuwa ke buɗewa: lilo, manej mai dawakin roba, katifar iska da yara ke tsalle bisanta, ƙananan motoci masu karo da juna. Abu ne mai kyau, ina son shi. Yaron da ya shekara yana wasa da gwangwanin sardin da tsohuwar tayar keke ya cancanci ranar da zai hau abin da ke juyawa da fitilu. Amma ranar na iya ƙarewa da dariya, tana kuma iya ƙarewa bisa gadon likita da ledar ƙarin ruwa rataye, kuma sau da yawa abin da ke raba biyun yana cikin kayan da aka fito da su daga gida, ko waɗanda gardi ya hana a shiga da su.

Mu fara da rana, tunda ita ce sarauniyar wurin. Cikin Afrilu da Mayu zafin Yamai na haura digiri 40 kusan kullum, Tawa da Ƙwanni kuwa ba a magana. A farkon Afrilun 2024, a ƙarshen azumi, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, maƙwabtanmu. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa, saboda haka Sallah tana ja da baya kowace shekara. Layyar 2025 ta faɗo farkon Yuni, ta 2027 za ta zo tsakiyar Mayu, ta 2030 cikin Afrilu. Ma'ana, shekaru masu zuwa yawon babbar Sallah zai riƙa faɗawa cikin tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfen lilo ke ƙona tafin hannu. Wanda ke shirya jaka da rigar ruwa a watan Afrilu a Maraɗi, sai dai mu yi mishi addu'a.

Ruwa ne kaya na farko, kuma shi ne mafi nauyi, shi ya sa kowa ke gudun ɗaukar shi. Ku zo mu yi lissafi irin na ƴan firamare. Gida mai mutum 7: uba, uwa, yara huɗu da yarinyar da ke taya aiki. Wuni cikin irin wannan zafi, ana gudu ana tsalle, a ce kowa lita 2, wanda ma an yi rowa. Lita 14 ke nan. Ledar piya wata rabin lita ce, saboda haka leda 28. A unguwa ana sai da ita dala 5, wato sefa 25, jimilla sefa 700. Ranar Sallah a bakin wurin wasa na sha ganin an mai da ita dala 10, jimilla sefa 1,400. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Ku raba da kwana 30, ku ga abin da zai fito: sefa 1,400. Guminsa na wuni ɗaya cur, a ruwan leda kaɗai, kafin a sayi tike, kafin a biya kabu-kabu ko taksi, kafin wani ya ce yana jin yunwa. To me ke faruwa? Ba ya saye. Ya sayi leda goma ya ce a yi maneji, a tsotsa a miƙa ma ƙane. Uwa ta hana kanta. Yarinyar aiki ba ta ma tambaya. Ga yara sun shagala da wasa, yaro kuwa in yana cikin daɗi ba ya jin ƙishirwa sai jikinsa ya riga ya bushe.

Alhali maganin yana cikin kowane gida. Gorunan roba da aka wanke, a cika su tun dare. Mai firigo ya sa su daskare, in kuran ya yarda. Marar firigo ya sayi ƙanƙara ta dala 10 ko 20 wurin maƙwabta ya zuba cikin kula, ko ya naɗe ƴar jarka da tsumman buhu ya jiƙa shi, yadda direbobin manyan motoci da makiyaya ke yi tun kafin a haife mu: iska na busar da buhun, ruwan ciki na yin sanyi. Wannan ilimi ne, ilimin mutanen da suka rayu da rana. Ba ya cikin bidiyon matar Amurka don ita ba ta buƙatar shi.

Kusa da ruwan a sa sashe biyu ko uku na SRO, garin gishiri da sukari da ake samu a farmasi da gidajen likita. Ba ya da nauyi, ba ya da tsada. In babu, ma'aunin gida sananne ne: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuma babba ɗaya aƙalla ya san abin da yake dubawa. Yaron da ya wuni bai nemi fitsari ba, bakinsa ya bushe, yana kuka ba hawaye, ya rasa ruwa. Wanda jikinsa ya yi zafi jau, ya yi laushi, yana magana ba kan gado ko yana amai, wannan rana ta buge shi, ba aljanun manej ba ne. A kai shi inuwa, a cire mishi kaya, a jiƙa zane a shafe shi ana fifita, a nufi likita ba tare da jiran a gama zagayen da aka biya ba. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ga wanda bai sani ba. Gidan da ke da yaro mai ciwon sikila kuwa ya ninka duk abin da na faɗa, don ƙarancin ruwa na cikin abubuwan da ke tada mishi ciwo. Jinjirin da bai kai wata 6 ba nono kawai yake sha, saboda haka uwarsa ce za a ɗura ma ruwa, ita da aka saba ta hana kanta.

Sai abinci, inda kunyar take zaune da gindinta.

Akwai wata kalma da ke kashe mu a ƙasar nan, ita ce "ƙauyanci". Mace ta dafa dambu mai kyau, da zogala, da ƙuli, da ɗan mai da albasa, ta zuba cikin langa ta ɗaure da ƙyalle, sai ɗiyarta ƴar lise ta ce, "Haba Inna, da wannan za mu tahi? Mutane na kallonmu hwa." Sai a aje langar. A je can a sayi burodi da mayonez da ya wuni cikin gilashi rana na dukansa, a sayi lemun kwalba mai sukari da ke ƙara ƙishirwa, a biya kuɗin da zai ciyar da gidan kwana biyu, a dawo yara na riƙe da ciki. Wane ne ɗan ƙauye a nan, don Allah?

Kakanninmu matafiya ne. Fatake sun yi ta zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano, ayarin raƙuma ya yi ta ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, kuma ba wanda ya tafi da firigo. Sun bar mana abincin da ya san zafi: kilishi, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, alkaki irin na Damagaram, dubulan, cincin, garin rogo da za a jiƙa nan take. Ranar Layya kuma ga soyayyen nama cike da gida, wanda aka soya shi ya bushe don dai ya daɗe. Waɗannan ba su lalacewa cikin wuni ɗaya, ba su zubewa cikin jaka, yaro na iya ci da hannu ɗaya yana kallon lilo. A haɗa da mangwaro ko lemu da ba a yanka ba, sai an zo ci a yanka.

Ba na cewa duk abin da ya fito daga tukunyar gida lafiya lau ne. Dafaffiyar shinkafa da miya, taliya, salatin da aka kwaɓa da mayonez, kifi, nono ko yawur da ba ƙanƙara, duk waɗannan zafi na juya su da sauri. Masana tsabtar abinci na cewa dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Mu da muke kwana da digiri 32 tun kafin hantsi, sai mu yi wa kanmu hisabi. Dambun ma a ci shi da wuri, da an isa an shimfiɗa tabarma, a bar busassun kaya su riƙe yamma. Fura in za a ɗauka, a ɗauki dunƙulen, a dama can da ruwan sanyi. Kuma a sa guntun sabulu. Hannun da ya riƙe ƙarfen da yara ɗari biyar suka riƙe, ba shi za a tsoma cikin kwano haka nan ba.

Buta kuwa ban san ranar da ta zama abin kunya ba. Azahar za ta same ku can, la'asar ma haka. Yaro zai ce zai zaga, kuma wanda ya taɓa leƙa makewayin irin waɗannan wurare da ƙarfe huɗu na yammacin Sallah ya san ba a shiga hannu rabbana. Na ga alhaji da shadda ta jika ɗari yana bin mutane yana aron buta. Da ya ɗauko tasa da mutuncinsa ya fi cika.

Tunda na ambaci shadda, bari in taɓa kayan jiki kaɗan, ko da za a ce na shiga abin da ba ruwana. Muna yi ma yara ɗinkin Sallah don hoto, mu manta za su wuni cikinsa. Shadda mai sitati kamar kwali, leshi mai kaifi, yadin roba da ba ya shan zufa, ga sabon takalmi da aka sayo da lamba ɗaya ƙasa don shi ya rage a kasuwa. Kafin azahar diddige ya saɓule, yarinya na tafiya tana ɗingishi, ana yi mata tsawa wai ta cika raki. A yi hoton a gida, ko a bakin ƙofa. A sa tsohon silifas da riga mai sauƙi ta auduga cikin jaka, da hula, da filasta guda biyu. Sannan wani abu da ba a faɗa: dogon hijabi ko gyale da ke jan ƙasa, in za a hau abin da ke juyawa, a tattare shi a soke. Inji ba ya da ido, abin da ya kama ja yake yi, wuyan yarinya kuma na ciki.

Akwai kaya ɗaya da bai kai nauyin goro ba, amma ban taɓa ganin gidan da ya ɗauke shi ba sai ƴan kaɗan: guntuwar takarda mai sunan yaro, da sunan unguwa, da lambar wayar babba, a soka cikin aljihu ko a maƙale da fil a cikin riga. Wanda ya taɓa shiga Muzen Yamai ranar Sallah ya san yadda yara ke cika shi, ƙungiya ƙungiya, babbansu wani lokaci bai wuce shekara 12 ba, yana jan ƙanne biyar. Yaro ɗan shekara 4 in ya ɓace cikin irin wannan taro, ka tambaye shi sunan babansa, zai ce maka "Baba". Sunan uwarsa, "Mama". Ina ne gidanku? "Kusa da mai tebur." Mu ne muka koya mishi kar ya kama sunan manya, tarbiyya ce mai kyau, amma ranar ɓata ba ta fisshe shi. Wayar da muke cika ta da hotunan kanmu, a yi ma kowane yaro hoto ɗaya da safe cikin kayan da ya sa ranar, don in ana cigiya a nuna. Kar a dogara da anko, atamfar da kuka ɗinka gida arba'in sun ɗinka irinta. Da an shiga a nuna ma yara wuri ɗaya sananne, a ce duk wanda bai ga kowa ba ya zo nan ya tsaya. A sa ƴar tocila, don in magariba ta yi kuran ya ɗauke, wurin da ke walƙiya ɗazu zai koma duhu, ga ɗaruruwan yara na neman ƙofa ɗaya. A kuma nemi canji tun gida. Mai manej ba ya da canjin jika biyar, ko yana da shi zai ce babu.

Tabarma. Ita ce kujerarmu, ita ce teburinmu, ita ce gadon yaron da barci ya kwashe, ita ce wurin sallah. Amma tabarma na son inuwa, a nan kuwa zan juya ga masu gina wuraren. Yawancinsu sun share fili, sun sare abin da suka tarar, sun malala siminti da pave, sun kafa ƙarafa masu fenti, sun dasa ƴan furanni cikin tayoyi. Inuwar da ke akwai ita ce ta rumfar da ake sai da abinci, kujerunta kuma na mai saye ne. Wannan ba kuskuren gini ba ne, tsari ne. In kana son inuwa, ka sayi lemu.

Ku kwatanta da Muze, gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama. Duk abin da za a faɗa kan halin da dabbobinsa ke ciki, waɗanda suka tsara shi sun bar itatuwa, sun bar wurin zama. A can yaro zai ga zaki da dorina da kura, ya ga ƙasusuwan dabbobin da aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, har da kada mai tsawon da ya haura mita 9 wanda ya rayu shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce. A can kuma aka aje gawar Iccen Tenere, itacen da ya tsaya shi kaɗai cikin hamada, ayari na auna hanya da shi, har wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973. Ƙasar da ta ɗauko mataccen icce daga tsakiyar sahara ta gina mishi ɗaki don girmamawa, ita ce yau ƴan kasuwarta ke sare masu rai su kafa lilo cikin rana tsaka. Abin dariya ne in ba yaronka ne ke zaune bisa ƙarfen ba.

In za ku Muze ko wani wuri mai dabbobi, ku sa buhu ɗaya fanko na shara. Leda 28 ɗin nan da muka lissafa, in kowane gida ya watsar da nasa, iska ce za ta raba su, wasu cikin kejin dabbobi, wasu cikin cikin awakin unguwa. Tun 2014 akwai dokar da ta hana irin waɗannan ledoji marasa kauri a Nijar. Ku leƙa kowace kwata ku ga yadda ake bin ta. Gorar da za a wanke a sake cikawa ta fi dokar aiki.

Yanzu wani zai ce: duk wannan kaya, wa zai ɗauka? Tambayar da nake jira ke nan. Na san wa ke ɗauka. Uwa na goye da jinjiri, jaka a kafaɗa, kula a hannu. Babbar ɗiya na riƙe da ƙanne biyu. Yarinyar aiki, wadda aka ɗauko daga ƙauye, shekarunta ba su wuce na ɗiyar gidan ba, ita ke ɗauke da jarka a ka, ita ke gadin takalma da tabarma lokacin da sauran ke hawa, ita ke kallo daga bayan waya. An ƙidaya ta wurin ɗaukar kaya, ba a ƙidaya ta wurin sayen tike. Maigida kuwa yana gaba, makullin babur a yatsa, waya a kunne, in ma ya zo ke nan, don da yawa suna sauke iyali a ƙofa su ce "in kun gama ku kira ni", su nufi fada wurin shayi. Baba, da girmanka, lita 14 kilo 14 ne. Kai ka fi kowa ƙarfi a gidan. Ɗaukar jarkar ruwan ƴaƴanka ba ta rage maka komai. Kuma tiken yarinyar nan a sa shi cikin lissafi tun daga gida, kamar yadda aka sa ruwanta. Gidan da ba zai iya biya mata zagaye ɗaya bisa dokin roba ba, bai kamata ya iya ɗora mata jarka ba. Mu ma samari ƴan lakkol ba mu fita ba. Muna iya rubuta dogon bayani kan ƴancin mata cikin wannan ɗan littafi, ranar Sallah kuma mu bar ƙanwarmu da kaya mu tafi yawo da abokai.

To, a ce an yi duk wannan. An daskarar da ruwa, an ɗaure kilishi, an naɗe tabarma, uba ya saɓa jarka. Aka iso ƙofa, sai ga allo: an hana shiga da abinci da abin sha daga waje. A wani wurin da ba zan kama sunansa ba, na tsaya na ga gardi yana buɗe jakunkunan mata yana fitar da gorunan ruwa yana jerawa gefen bango, cikin watan Mayu. Wata ta roƙe shi, "Ɗana, ko na yaron nan ka bar mini." Ya ce, "Hajiya, ba ni na sa dokar ba, akwai ruwa ciki na saidawa." Ba na ganin laifinsa, albashinsa yake karewa, kuma da wuya shi kansa ya iya kawo nasa yaran wurin.

Na san hujjojin masu wurin, kuma ba duka ne shirme ba. Za su ce tike kaɗai ba ya biyan gazuwal ɗin janareto, da gyaran injuna, da albashin ma'aikata, da haraji, ribar tana wurin abinci. Za su ce mutane na ɓata wuri da ƙasusuwa da ledoji. Za su ce kwalba na fashewa ta yanke yaro, wani kuma na iya shigo da abin da bai dace ba. Na ji. Kwalbar gilashi a hana, wuƙa a hana, a duba jaka, ba wanda ya ƙi. Shara a aje tuluna da buhuna, a ci tarar mai zubarwa. Kuɗin gazuwal kuwa a sa shi cikin tike a rubuta a ƙofa, kowa ya gani ya yanke shawara tun yana waje. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rage kuɗin shiga don a jawo talaka, in ya shigo da yaransa an rufe ƙofa, sai a sai da mishi ƙishirwarsu da tsada. Wanda ke son a sayi abincinsa ya dafa mai daɗi ya sa farashi na hankali, za a saya. Masu tsire a bakin tasha ba su taɓa ƙwace guzurin kowa ba, kuma ba su rasa ciniki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in an yi magana sai a ce "haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba". Wace ƙasa? Disneyland na farko, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1955, tikensa na wuni ɗaya ya haura dala 100, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa 5 ba, wato fiye da albashin wata na ƙaramin ma'aikacinmu. Duk da haka suna barin mutum ya shiga da abincinsa da gorar ruwansa, ban da gilashi da giya, kuma akwai famfunan sha kyauta a ciki. Matar bidiyon nan ma, in kun kalla da kyau, tana sa gora da ɗan abin taɓawa cikin jakarta. Mun kwaikwayi kunnuwan ɓera, mun bar famfon.

Inda kamfanin ya gwada hanawa kuwa, ga abin da ya faru. A Disneyland na Shangai, a ƙasar Sin, an kafa dokar hana shiga da abinci, ana bincike jakunkuna a ƙofa. A 2019 wata ɗaliba mai karatun shari'a, da aka hana ta shiga da ɗan abin da ta sayo, ta kai su kotu. Kuɗin da ta nema bai taka kara ya karya ba, an sasanta aka ba ta yuwan 50. Amma maganar ta cika ƙasar, kuma cikin Satumba na 2019 kamfanin ya canza doka, ya bar mutane su shiga da abincin da za su ci, ban da mai buƙatar dumamawa ko mai ƙarfin wari. Ɗaliba ɗaya ke nan, da tike ɗaya.

Ni abin da nake nema bai kai nata ba ma. Meri da ke ba da izinin buɗe waɗannan wurare ta sa sharaɗi uku cikin takardar: famfo ko randunan ruwan sha kyauta a ciki, inuwar da ba sai an sayi komai ba, da haƙƙin kowane gida ya shiga da ruwansa da abincin yaransa. Wanda bai cika ba, kar ya buɗe ranar Sallah. Muna da masu karatun shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, muna da su a Tawa, wasunsu na karanta wannan ɗan littafi, wasu ma da su muka haɗa kuɗin fotokopinsa. Kamarad, in Sallah ta zo ku ɗauki ƙannenku da gora ɗaya ta ruwa ku je ƙofar. In an karɓe gorar, ku nemi a nuna muku inda aka rubuta dokar da wanda ya sa mata hannu, ku ɗauki hoton allon, ku rubuta ranar da awar, ku adana tiken.